Ki Huda Bidon Nan, Zuwaira

Zuwa ga ɗiyata Zuwaira, malamar lakkol, wato makarantar boko, a Attantane.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaishe da maigidanki, ina shafa kan jikata Nafisa daga nan Korgom. Allah ya sa kun sauka lafiya, ya tsare ku a garin da ba ku saba da ruwansa ba, ya haɗa ku da maƙwabta na gari, ya ba ki haƙurin yaran mutane da aka damƙa miki.

Gaisuwa ta ƙare, domin raina a ɓace yake kuma ba zan ɓoye miki ba. Rubutun nan da hannuna na yi shi, da ɗan abin da na koya a ajin yaƙi da jahilci. In kin ga kuskure kada ki ɗauko jan alƙalami, ni ba ɗalibarki ba ce. Ki zauna ki karanta har ƙarshe. Amma kafin ki fara, ki tashi ki ɗauke bidon nan daga inda hannun Nafisa zai kai.

Kin san bidon da nake nufi. Farin nan na roba mai jan murfi, wanda kika tafi da shi don ki riƙa zuba ruwan sha. Maganin feshin wake ne a cikinsa daminar bara. Ni ban ma san yana gidan ba. Kwana biyu da tafiyarku muna cin tuwo, bakin mahaifinki ya suɓuce, ya ce ai Zuwaira ta dace da bido mai ƙwari. Na ajiye loma na tsare shi. Ya yi ta sosa ƙeya, daga ƙarshe ya ce shi ya ɓoye shi a bayan rumbu don kada in lalata, da kika gani kika roƙa, ya ba ki. Abin da na faɗa masa ba na rubutawa ba ne. Na ɗauki waya na kira ki, kuma ga amsar da kika ba ni, ban manta ko kalma ɗaya ba:

"Haba Inna, kin hwara ke nan! Na wanke shi sau ukku, har da ruwan zabel mai kashe ƙwayoyin cuta na sa. Ba shi warin komi. Nan ruwa wuya garai, sai an tahi hwamfo, cikin mi zan zuba?"

Kika ƙara da Faransancinki, kika yi dariya. Ina jin Nafisa tana gwaranci kusa da ke. Na buɗe baki in faɗa miki abin da ke raina, na waiwaya na ga mutane cike da tsakar gida, maganar ta maƙale. Shi ya sa na ɗauki takarda.

Bayan na kashe wayar na shiga ɗakinki in share, sai ga kayan da na haɗa miki a ƙarƙashin gado. Tulu, ƙwarya biyu, faifai, kwandon kaba na zuwa kasuwa, da sabulun salo da na kwana uku ina dafawa. Duk kin tura su can ƙurya, kin rufe da tsohuwar tabarma don kada in gani. Zuwaira! Da kin ce mini ba ki so, ai da na ba wanda yake so. Kin bar tulun da aka gina da yumɓun ƙasarki, kin ɗauki abin da aka zuba guba a ciki, wai ke mai ilimi. Na zauna bakin gadon ina huci, ina neman wanda zan zaga. Da na duba da kyau sai na ga halina ne kika ɗauko, ba ki rage komai ba.

Lokacin da aka kawo ni gidan nan, mahaifiyata ta haɗo ni da randa babba da tulu da ƙore masu zane. A shekarun ne roba ta fara cika kasuwar Tasawa, ja da shuɗi da kore. Duk amaryar da ka shiga ɗakinta sai ka ga bokiti da baho suna sheƙi. Ni kuwa na ji kunyar randata, na ga kamar tana faɗa wa baƙi cewa daga ƙauye nake, alhali duk garin ƙauye ne. Na mirgina ta bayan ɗaki, rago ya tunkure ta ta fashe, ko a jikina. Ƙoren na mayar da su na ba kaji ruwa. Sai ga bazara ta zo. Ruwan roba da azahar ka rantse na wankan jego ne, ga wani ɗanɗano kamar ka tsotsi takalmi. Na koma ina zuwa gidan maƙwabciya roƙon ruwan randa, ina cewa wai gaisuwa na zo. Robar da na yi wa wannan rawar kai kuwa shekara biyu ta tsage, na jefa ta bola, kuma ina da tabbacin guntayenta suna nan cikin ƙasa har gobe. Randa in ta fashe, kaskonta ma ana gasa gyaɗa da shi, saura ya koma ƙasa. Don haka ki ajiye ruwan shanki a tulu, ki ɗora faifai a baki, ki wanke shi duk kwana biyu. Duk baƙuwar da ta raina ki don tulu, ki ba ta ruwan roba ta sha ta tafi.

Sai leda. Ita ma na yi mata biyayya kamar uwar miji. Da ita nake hura wuta idan itace ya jiƙe, in kunna ta tana ɗiga tana baƙin hayaƙi, in duƙa a kai ina fifita. Tarin nan da kika taso kina ji ina yi duk damina, kada ki ɗora wa sanyi laifi, ni na saya wa kaina. A cikinta nake ƙulla koko da zafinsa. In na dawo kasuwa, gishiri leda, daddawa leda, barkono leda, in juye in saki iska ta kwashe. Kin tuna jar akuyata mai haihuwar biyu-biyu? Kina ƙarama ta fara ramewa ga cikinta ƙato, ga dusa ga harawa ta ƙi ci. Muka yi ta ɗura mata jiƙo. Da muka ga za ta tafi a banza aka kira mahauci. Da ya farka tumbin sai ya kira ni.

"Zo ki gani da idonki, kar ki ce ni na hwaɗi."

Dunƙulen baƙar leda ne, ya murɗe kamar igiya, ya kai girman kan yaro. Har na gane ƙullin da nake yi wa ledar daddawa. Tun ranar na koma ɗaukar kwando da ƙaramar ƙwarya zuwa kasuwa. Masu tebur suna yi mini dariya, suna cewa ga tsohuwa mai gudun zamani. Su yi ta yi. Su je su dubi gonakin bakin gari, inda garma ke tono leda maimakon ɓurɓushin taki, su dubi ƙayar aduwa da ta yi baƙin fure. Abin da ke ƙara ƙona mini rai, kowa ya san haka, kowa akuyarsa ta taɓa mutuwa, amma ka sayi allura ɗaya sai an saka maka ita a leda. Ke malama ce, yara suna kallon hannunki fiye da allo. Ki riƙe kwandonki, in mai kanti ya miƙo leda ki ce ya bar abarsa.

Sabulun da kika raina ma, ni na riga ki raina shi. Kakarki ta koya mini tace tokar karan gero, a dafa ruwan da man gyaɗa har ya kama. Na bari shekaru da yawa, don garin sabulun kanti ya fi kumfa da ƙamshi. Hannuna ya yi ta tsagewa, ruwan wankin kuma ya ƙone mini zogale biyu da na shuka bakin magudana. Ban ce kada ki taɓa sabulun kanti ba, na san rigar aiki tana son fari. Amma tukunya toka da soso sun ishe ta, jikin Nafisa kuma sabulun salo ya fi masa sauƙi. Kada kuma ki ce Inna ba ta son sabon abu. Fitilar nan mai cin hasken rana da kika kawo mini, ko sarki ba zan ba ba, ta raba ni da tarin matattun batura da yara ke fasawa suna wasa. Buhun nan mai ninki uku da ake ajiye wake ba tare da an barbaɗa magani ba, ni na fara saye a unguwarmu. Ni dai ina tambayar kowane abu, in ya gama aikinsa ina za shi, kuma wa zai ci shi.

Duk waɗannan ƙanana ne. Randa ta fashe an gina wata, akuya ta mutu an sayi wata. Yanzu zan faɗa miki wanda ba a sake samu ba.

Kin san kina da yaya da ta rasu kafin a haife ki. An ce miki zazzaɓi ne. Ba ki taɓa jin sunanta a bakina ba, kuma ba ki yi mamaki ba, tunda ɗiyar fari ce, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Haka muka tarar. Ba ka ɗaukarsa a gaban mutane, ba ka yi masa wasa, in ya faɗi ka kau da kai wani ya ɗaga. Ni kuwa na fi kowa iya wannan kunya, har yabona ake yi, ana cewa amaryar gidan nan akwai alkunya.

A shekarar ƙwari suka sauka wa wake, aka kawo maganin feshi garin. Da aka gama, mahaifinki ya shigo da bidon da babu komai a ciki ya miƙo mini. Wallahi murna na yi kamar an ba ni zane. A lokacin bido abin nema ne, mata har rige-rige suke. Na wanke shi da toka da yashi, sau uku, daidai yadda kika ce kin yi. Na sunsuna, babu wari. Akwai takarda manne a jikinsa da zanen ƙoƙon kan mutum, na ga ta ɓata masa kyau, na sa wuƙa na kankare ta tas.

Ranar roron wake na dama fura da nono, na ɗura a ciki don kada ta zube a hanya. Mahaifinki yana can babbar gona, ni da kakarki ta wajen uba muka tafi ƙaramar. Yarinyar tana da shekara biyu, an ɗan jima da yaye ta, tana hannun kakarki kamar yadda aka saba. Bidon ya sha rana a gindin gawo tun safe. Da hantsi ta yi kukan yunwa, kakarki ta tsiyaya mata a ludayi, ta sha ta ƙara, don tana son fura. Mu manya muka ɗan kurɓa muka koma aiki. Ni kaina na ji kaina yana sarawa, na ce rana ce.

Ba a jima ba ta fara amai. Yawu yana dalala daga bakinta, zufa ta jiƙe ta sharkaf, 'yan yatsunta suna karkarwa. Ina gani, Zuwaira. Ina duƙe tsakanin kunyoyin wake taku goma daga inda take, ina kallo ta ƙarƙashin hannuna. Jikina ya ba ni wannan ba lafiya ba ce. Kakarki ta goge mata baki da gefen zane ta ce:

"Haƙori ne shina hitowa, ko kau rana ta buge ta. Bari in kwantar da ita inuwa."

Ba ta faɗa da mugunta ba, Allah ya ji ƙanta, iyakar saninta ke nan. Ni ce na ga abin ya fi haƙori, kuma ni ce na yi shiru. Ta yaya zan yar da ƙwarya in ruga in sungumi ɗiyar fari a gaban uwar miji? Me za a ce da ni a gari? Na ci gaba da roro. Hannuna yana tsinkar wake, kunnena yana wajen numfashinta. Ta kira ni sau biyu, da sunana take kirana don haka ta ji kowa yana yi. Ban waiwaya ba. Tun daga hantsi har aka yi azahar ina kare mutuncina.

Sai da kakarki da kanta ta yi salati ta ce yarinya ta sanƙare, sannan na saki ƙwaryar. Aka nemo amalanke, muka kama hanyar Tasawa, ga yashi, ga shanu sun gaji. La'asar ta wuce kafin mu isa gidan likita. Ma'aikaciyar da ta karɓe ta ta buɗe idonta ta duba, ta ja ni gefe ni kaɗai ta tambaye ni abin da ta ci da abin da aka zuba shi a ciki. Bidon yana rataye a amalanke, na ɗauko mata. Ta buɗe murfin, ta shafa inda na kankare takardar, ta dube ni.

"Roba tana shan magani, baiwar Allah. Ko kin wanke sau ɗari shina nan cikin jikinta, in ta ji rana da maiƙon nono sai ta amayo shi. Tun yaushe yarinyar ta hwara?"

Na ce tun hantsi. Ta juya ta koma ciki da sauri. Sun yi iya ƙoƙarinsu. Kafin a kira magariba an miƙo mini ita a naɗe cikin zanen kakarki.

Ko a nan ban yi kuka a gaban mutane ba, aka ƙara yabona. Na dawo gida na ce zazzaɓi ne. Ban faɗa wa kakarki ba, don ita ta ba ta da hannunta. Ban faɗa wa mahaifinki ba, don shi ya kawo bidon. Na ce na rufa wa kowa asiri, gaskiyar kuwa kaina na rufa wa. Abin da na iya kawai, duk bidon magani da ya shigo gidan nan in bi shi da wuƙa in huda gindinsa. Kun taso kuna yi mini dariya, ke da ƙannenki, kuna cewa Inna ta tashi da aljanunta na huda. Na bar ku kuna dariya, don ya fi mini sauƙi a kan in buɗe baki. Yau ga inda shirun nan ya kai ni. Mutumin da ya rasa ɗiya ta dalilin bido ya ɗauki bido ya ba wata ɗiyar, da zuciya ɗaya, don ba wanda ya gaya masa. Wannan laifin nawa ne, kuma ya fi na farkon ciwo, domin na farko ban sani ba, wannan kuwa shekara talatin ina sane.

Jiya bayan sallar azahar na faɗa wa mahaifinki gaskiyar abin da ya kashe ta. Ya tashi ya fita. Sai ya zagaya bayan rumbu, ya tsaya yana kallon wurin da ya ɓoye bidon. Shi ya je da ƙafarsa ya samo ƙaninsa, Baba Ilu, ya roƙe shi in ya gama kasuwar Mayahi ya ƙarasa wurinki da wannan takarda.

Ina jin haushin kaina, amma ban yafe wa sauran ba. Ina jin haushin masu zama bakin kasuwa suna ɗura maganin ƙwari a kwalbar lemo, babu suna babu gargaɗi, suna sayar wa matan da za su yayyafa shi ƙarƙashin gadon yara saboda sauro. Ina jin haushin masu kawo mana guba a mazubi mai kyau, su tafi, ba su damu da inda mazubin zai ƙare ba, alhali sun san a garin da ake tafiya mai nisa neman ruwa ba wanda zai yar da bido. In sauro ya dame ku ga gidan sauro, ga ganyen bedi, wato dogon yaro, ki turara kafin ku shiga. Kada kwalbar da ba ki san abin da ke cikinta ba ta kwana ɗaki ɗaya da jikata.

Ga abin da za ki yi da bidon. Ki zubar da ruwan da ke ciki nesa da rijiya, nesa da inda dabbobi ke sha. Kada ki ƙona shi, hayaƙinsa ma guba ne. Kada ki ba kowa, kada ki jefa shi bola, don kafin ki juya wata uwar ta tsince shi tana murna kamar yadda na yi. Ki sa wuƙa ki huda gindinsa, huda babba, ki ba Baba Ilu ya kawo mini. Ina so in ga hudar da idona, ni zan san ramin da zan binne shi. Na ce masa kada ya karɓi ko ruwan gidanki sai kin yi haka a gabansa. Tulun da sauran kayan suna hannunsa, na naɗe su cikin buhu da ciyawa. In Nafisa ta riga ta sha daga bidon, ko da lafiyarta lau kike gani, ki kai ta gidan likita yau, ki faɗa musu gaskiyar abin da ke cikinsa a da.

Saura magana ɗaya. Na sha yi miki faɗa a kan yadda kike kiran sunan Nafisa gatsal a gaban mutane, kina ɗaga ta sama kina sumbatarta, ita ɗiyar fari. Na ce boko ya cire miki kunya. Na janye wannan faɗan. Ki kira ta da ƙarfi, kowa ya ji. In ta yi tari ki waiwaya, in ta kira ki ki amsa tun kiran farko, ko gaban wa kike.

Allah ya tsare ki, ya tsare maigidanki, ya raya Nafisa ya sa ta binne mu. Allah ya tsarkake abin da za ku ci da abin da za ku sha, ya kai Baba Ilu lafiya ya same ku lafiya. In kin yi sallah ki sa yayarki a addu'a. Ba za ki iya roƙa mata ba sai da suna, kuma ban taɓa ba ki shi ba.

Sunanta Habsu. Ɗiyata Habsu.

Wassalam, daga mahaifiyarki.